Mene ne karatun DO, digirin da likitocin Trump da Biden ke riƙe da shi?

A ranar Asabar 3 ga Oktoban 2020, wani likita sanye da farar riga ya fito ƙofar asibitin sojoji na Walter Reed, tawagar likitoci na biye da shi, domin bayyana halin da Shugaba Donald Trump ke ciki bayan ya kamu da cutar korona.

Sunansa Sean Conley, hafsa ne a rundunar sojin ruwan Amurka. Bayanan da ya yi a ranar sun jawo ce-ce-ku-ce, amma akwai wani abu na daban da ya ɗauki hankalin mutane, wato haruffa biyun da ke bin sunansa. Maimakon MD da aka saba gani a bayan sunan likitocin Amurka, shi DO aka rubuta masa.

Nan da nan shafukan sada zumunta suka ɗauka. Wasu suka riƙa tambayar yadda aka yi aka damƙa ran shugaban ƙasa a hannun mai tausa.

Da Joe Biden ya shiga Fadar White House a 2021, likitansa Kevin O'Connor shi ma DO ne. Da Trump ya dawo a 2025, aka naɗa Sean Barbabella, wani DO ɗin. Likitoci uku ke nan a jere.

A yau, fiye da ɗalibi ɗaya cikin kowane huɗu da ke karatun likitanci a Amurka yana makarantar DO ne, kuma kimanin kashi 11 cikin 100 na likitocin ƙasar wannan digiri ke hannunsu. Suna rubuta magani, suna yin tiyata, suna karɓar haihuwa, a dukkan jihohi 50. Duk da haka Amurkawa da yawa ba su san da su ba, ballantana ɗalibin Kano ko Maraɗi da ke laluben hanyar karatun likita a waje ta wayarsa.

Suna linzami

DO na nufin likitan da ya yi karatu a tsarin ostiyofati. Kalmar ta samo asali ne daga Girkanci, inda rabinta na farko ke nufin ƙashi. Daga nan ruɗanin ke farawa.

Bahaushe na jin ƙashi, mai ɗori zai faɗo masa a rai, ko kuma Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. To amma likitan ƙashi irin na Dala likita ne da ya gama karatunsa sannan ya ƙware a tiyatar ƙashi. DO kuwa sunan digirin farko ne na likitanci, kamar yadda ake da MBBS a Najeriya. Mai riƙe da shi zai iya zama likitan yara ko na zuciya ko na ƙwaƙwalwa, ko ma likitan ƙashin idan ya samu gurbi.

Sai dai wanda ya tuna da mai ɗori bai yi nisa da gaskiyar tarihi ba, domin mutumin da ya kafa tsarin ya taɓa tallata kansa a matsayin mai ɗori mai saurin walƙiya.

Sanƙarau ce mafari

Andrew Taylor Still, wanda aka haifa a jihar Virginia a 1828, ya koyi aikin likita ne a hannun mahaifinsa, wani mai wa'azin coci da ke haɗawa da duba marasa lafiya. Haka akasarin likitocin karkarar Amurka ke koyo a lokacin.

Magungunan zamanin kuwa sai addu'a. Ana yi wa majinyaci tsaga a zubar masa da jini mai yawa, ana ɗura masa haɗin da ke ɗauke da zaiba har haƙoransa su riƙa girgiɗi, ga ofiyom da barasa a matsayin maganin kusan komai.

A 1864, ana tsaka da yaƙin basasar Amurka, annobar sanƙarau ta shiga gidan Still a Kansas ta kashe yara uku. Ba a daɗe ba wata 'yar tasa ta rasu sakamakon ciwon nimoniya. Duk wanda ya ga yadda sanƙarau ke ɗauke yara a lokacin zafi a ƙasar Hausa zai fahimci irin halin da uba, kuma likita, zai shiga yana kallo babu abin da zai iya.

Daga nan ya yanke ƙauna da magungunan zamaninsa. Ya shafe shekara 10 yana nazarin ƙasusuwa da gaɓoɓin ɗan'adam, har ya kai ga ra'ayin cewa yawancin cututtuka na tasowa ne idan wani ƙashi, musamman a gadon baya, ya goce ya danne hanyar jini ko jijiya. A ganinsa idan aka daidaita wurin da hannu, jiki zai warkar da kansa.

Ya bayyana wannan ra'ayi a 1874. Cocinsu ta juya masa baya, wasu 'yan uwansa suka ɗauka ya samu taɓin hankali. Ya koma wani ƙaramin gari mai suna Kirksville a jihar Missouri, inda a 1892 ya buɗe makarantarsa ta farko a wani ɗan gini na katako. Akwai mata a ajin farko, a lokacin da makarantun likitanci da dama ba sa ɗaukar su. Makarantar na nan har gobe, a ƙarƙashin jami'ar da ke ɗauke da sunansa.

Kimiyya ta riga ta nuna cewa Still ya yi kuskure kan abin da ke haddasa cuta. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo sanƙarau, kuma babu tausar da za ta kashe su. Inda ya yi gaskiya shi ne cewa magungunan zamaninsa na kashe mutane.

Digirin dala 65

Abin da ya biyo baya doguwar gwagwarmaya ce ta neman a yarda da su.

A 1910 wani masanin ilimi mai suna Abraham Flexner ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya fitar da rahoton da ya yi sanadin rufe da yawa daga cikinsu. Makarantun ostiyofati takwas da ya duba babu wadda ta tsira daga kakkausar sukarsa. Waɗanda suka rayu dole suka gina ɗakunan gwaje-gwaje, suka tsawaita shekarun karatu. A 1929 ƙungiyarsu ta amince a riƙa koyar da ilimin magunguna, abin da Still, wanda ya rasu a 1917, ya yi ta yaƙa a rayuwarsa.

Duk da haka babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ci gaba da ɗaukar su a matsayin 'yan wata ɗariƙa ta daban da bai kamata likitan kirki ya yi aiki da su ba. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sojoji sun ƙi ɗaukar su aikin likita. Wannan wariya ta zame musu gobarar Titi, domin yayin da likitocin MD ke fagen daga, su ne suka gaji majinyatansu a gida, suka kuma gina asibitocinsu.

Babbar girgiza ta zo ne a Kalifoniya a 1962. An yi yarjejeniyar haɗe ɓangarorin biyu, aka mayar da makarantar DO ta Los Angeles ta MD, sannan likitocin DO kusan 2,000 suka biya dala 65 kowannensu aka ba su takardar MD. Masu zaɓe suka amince da dokar da ta hana bai wa sababbin DO lasisi a jihar. Makarantu biyar kacal suka rage a faɗin ƙasar.

An ɗauka ƙarshen tsarin ya zo, sai reshe ya juye da mujiya. Ragowar likitocin DO suka samu hujja: idan dala 65 ce kawai tsakaninsu da MD, ashe dama karatun ɗaya ne. A 1966 ma'aikatar tsaro ta buɗe musu ƙofar aikin likita a soja. A 1969 jihar Michigan ta yi dokar kafa makarantar DO ta gwamnati, wadda ta zama wani ɓangare na Jami'ar Jihar Michigan. A 1974 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta soke haramcin.

Yanzu akwai makarantun DO fiye da 40, da ke koyarwa a wurare sama da 60.

Hanyar shiga

A Najeriya yaro na gama sakandare zai rubuta JAMB, idan ya dace ya shiga MBBS na shekara shida a BUK ko ABU ko Jami'ar Maiduguri. A Amurka ba haka abin yake ba. Sai ɗalibi ya fara yin digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, muddin ya ɗauki darussan da ake buƙata kamar bayoloji da kemistiri da fiziks, tare da aikin ɗakin gwaji.

Bayan nan sai jarrabawar MCAT, wadda ake shafe sama da awa bakwai ana yi, makinta kuma na kamawa daga 472 zuwa 528. Masu neman MD da masu neman DO duk ita suke rubutawa.

A nan ne ake ganin bambancin da ba a cika son faɗa a bainar jama'a ba. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka a makarantun MD yana wajen 511 zuwa 512, na makarantun DO kuwa wajen 504. Haka ma sakamakon digirin farko, na DO kan ɗan yi ƙasa.

Wannan ya sa ɗalibai da yawa ke neman ɓangarorin biyu a lokaci guda, su riƙe DO a matsayin mafita idan MD ta ƙi. Akwai waɗanda tun farko ra'ayin tsarin ne ya ja su, amma duk wanda ya ce su ne mafi rinjaye ya faɗi son ransa. Makarantun DO kuma sun yi suna wajen karɓar waɗanda suka fara wata sana'ar kafin su juyo, kamar ma'aikatan jinya da tsofaffin sojoji da malaman makaranta.

Ana neman gurbi ta wani shafi guda da ake kira AACOMAS. Makarantu da yawa na son ganin wasiƙar shaida daga likitan da ɗalibin ya taɓa bi yana kallon aikinsa, wasu ma sun fi son likitan ya zama DO.

Ɗakin da babu kujeru

Shekara biyun farko a aji ake yin su, kuma kusan babu abin da ya raba su da na makarantun MD: sassan jikin ɗan'adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, ƙwayoyin cuta, ilimin magunguna, da feɗe gawa a akasarin makarantu. Littattafan ma iri ɗaya ne.

Ƙarin da ke kan ɗalibin DO shi ne kimanin awa 200 na koyon magani da hannu, wanda ake taƙaitawa da OMT. Ana yin sa ne a wani babban ɗaki da aka jera gadaje masu laushi maimakon kujeru. Ɗalibai kan kasu biyu-biyu, ɗaya ya kwanta ɗaya ya duba shi, sannan su yi musanya.

Makonnin farko kan tafi ne wajen koya wa yatsu ji. Ɗalibi zai bi gadon bayan abokinsa ƙashi bayan ƙashi, ya ƙirga haƙarƙari, ya gano inda tsoka ta ɗaure, inda fata ta fi ɗumi, inda gaɓa ta ƙi juyawa yadda ya kamata.

Daga nan sai dabarun gyara. Akwai wadda majinyaci zai tura da ƙarfinsa likita na tarewa, har tsokar ta saki. Akwai wadda ake lanƙwasa gaɓa zuwa inda ciwon ya lafa a riƙe ta na daƙiƙa 90. Akwai ta fizga cikin sauri, wadda ke sa a ji ƙashi ya yi ƙas, kuma ita ce mutane suka fi sani saboda bidiyoyin TikTok. Akwai kuma ta danna ƙirji domin taimaka wa ruwan jiki zagayawa.

Tare da wannan ana cusa musu aƙidar tsarin, wadda ke cewa jiki da tunani da ruhi abu guda ne, jiki na da ikon gyara kansa, kuma yadda aka gina gaɓa da yadda take aiki suna shafar juna. Likitocin MD kan ce su ma ai mutum suke dubawa gaba ɗayansa, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya.

Akwai wani batu a wannan ɗaki da ya kamata ɗalibi Musulmi, musamman mace, ya sani tun kafin ya cike takarda. Makarantu da yawa na rubuta wa a sharuɗɗansu cewa dole ɗalibi ya taɓa abokan karatunsa maza da mata, shi ma a taɓa shi, kuma a sa tufafin da za su bar wurin da ake dubawa a buɗe, kamar gajeren wando da 'yar shara. Wasu makarantun na yin sassauci saboda addini, wasu kuma sun bayyana cewa ko abin lulluɓin kai sai an gyara shi yadda za a iya taɓa wuya da kai. Abu ne da ake tambaya a rubuce, a kuma karɓi amsa a rubuce, kafin a biya kuɗi.

Batun taɓa jiki ya ƙara zama abin kaffa-kaffa tun bayan shari'ar Larry Nassar, likitan DO na tawagar 'yan wasan motsa jiki ta Amurka, wanda aka yanke wa hukuncin ɗauri a 2018 bayan mata sama da 150 sun bayyana a kotu yadda ya ci zarafinsu da sunan magani.

A shekara ta uku da ta huɗu ɗalibai kan koma asibiti, suna zagaya sassa: tiyata, yara, mata da haihuwa, cututtukan cikin jiki, lafiyar ƙwaƙwalwa, sashen gaggawa. A nan ma akwai bambanci. Yawancin makarantun MD na da babban asibitin koyarwa nasu, irin alaƙar da ke tsakanin BUK da Asibitin Malam Aminu Kano. Makarantun DO da dama ba su da shi, sai su rarraba ɗalibansu a ƙananan asibitoci, wani lokaci a wata jihar. Wani ɗalibin kan dace, ya zama shi kaɗai ne a gefen likita, komai da hannunsa ake yi. Wani kuma ya ƙare a inda ba a ganin manyan cututtuka, ga ɗawainiyar tashi daga gari zuwa gari.

Shin maganin hannun na aiki?

Amsar ta danganta da ciwon da ake magana.

Inda aka fi samun hujja shi ne ciwon baya. Wani bincike da mujallar likitanci ta New England ta wallafa a 1999 ya gano cewa masu ciwon baya da aka yi wa OMT sun samu sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa maganin da aka saba, amma sun sha magani kaɗan.

Sai dai wani binciken da aka yi a Faransa kan mutum 400, wanda aka wallafa a 2021, ya kwatanta OMT na gaske da na bogi, inda ake ɗan taɓa majinyaci kawai. Bambancin da aka samu ƙanƙani ne, har masu binciken suka nuna shakku ko majinyaci zai ji shi a rayuwarsa ta yau da kullum.

Ɓangaren da ya fi shan suka shi ne na ƙoƙon kai, wanda wani ɗalibin Still mai suna William Sutherland ya ƙirƙiro. Yana cewa ƙasusuwan kai na wani ɗan motsi da ƙwararren hannu zai iya ji ya kuma daidaita. Da aka gwada, an sha samun ƙwararru biyu sun taɓa kai guda sun ba da lissafi mabambanta. Amma har yanzu ana koyar da shi, yana kuma fitowa a jarrabawa, don haka ɗalibi ko bai gamsu ba sai ya haddace.

Su kansu likitocin sun ba da tasu amsar a aikace. Wata ƙididdiga da mujallar ƙungiyarsu ta wallafa a 2021 ta nuna cewa fiye da rabin likitocin DO da aka tambaya ba sa yi wa ko majinyaci ɗaya OMT, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na amfani da shi ne kan ƙasa da kashi 5 cikin 100 na majinyatansu. Dalilan da aka fi bayarwa su ne ƙarancin lokaci da matsalar biyan kuɗi daga kamfanonin inshora da rashin goyon bayan wuraren aiki.

Wato abin da ya bambanta digirin da na MD, shi ne abin da akasarin masu shi ke ajiyewa da zarar sun fara aiki.

Jarrabawa biyu, buri ɗaya

Kafin ɗalibin DO ya samu lasisi sai ya ci jarrabawar COMLEX mai matakai uku. Takwaransa na MD kuma USMLE yake rubutawa. A ƙa'ida COMLEX ta wadatar. A zahiri ɗaliban DO da yawa na rubuta duka biyun, saboda wasu asibitocin da ke ba da horon ƙwarewa sun fi gane makin USMLE. Kowane mataki ɗaruruwan daloli ne, ga makonnin shiri.

Horon ƙwarewar, wanda ke ɗaukar shekara uku zuwa bakwai, shi ne ainihin abin da ake fafutuka a kai, domin digirin da babu shi takarda ce kawai a Amurka. A da kowane ɓangare na da nasa tsarin, amma daga 2020 aka haɗe su. Ɗalibai kan jera asibitocin da suke so, asibitoci su ma su jera ɗaliban da suke so, kwamfuta ta haɗa su. A wata Juma'a cikin watan Maris kowa ke buɗe ambulan ya ga inda aka tura shi.

A 2024, kashi 92 da ɗoriya cikin 100 na ɗaliban DO masu kammalawa sun samu gurbi, na MD kuma kashi 93 da rabi. Likitocin da suka yi karatu a wasu ƙasashe kuma ba 'yan Amurka ba, rukunin da mai MBBS daga Najeriya ke faɗawa, kashi 58 da rabi ne suka dace.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin alƙaluman ba su nuna wane fanni aka samu ba. A fannin likitan iyali da cututtukan cikin jiki da sashen gaggawa, 'yan DO na shiga da yawa. A tiyatar ƙwaƙwalwa da tiyatar gyaran jiki da cututtukan fata, 'yan ƙalilan ne ke kutsawa kowace shekara.

Daga karkarar Oklahoma zuwa Malawi

Fiye da rabin likitocin DO na aiki ne a matakin farko na kiwon lafiya, kuma an gina makarantunsu da dama a ƙananan garuruwa da niyyar ɗaliban su zauna a yankin. A 2020 aka buɗe wata a garin Tahlequah na jihar Oklahoma da haɗin gwiwar ƙabilar Cherokee, makarantar likitanci ta farko a Amurka mai alaƙa da wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar. A makarantar DO ce kuma, ta Jami'ar Ohio, aka fara naɗa baƙar fata mace shugabar makarantar likitanci a Amurka a 1993, wato Barbara Ross-Lee, yayar mawaƙiya Diana Ross.

Akwai kuma wadda aikinta ya shafi yaran Afirka kai-tsaye. Terrie Taylor, farfesa a makarantar DO ta Jami'ar Jihar Michigan, tun 1986 take shafe kusan rabin kowace shekara a birnin Blantyre na Malawi tana nazarin maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ita da Malcolm Molyneux da abokan aikinsu ne suka samar da ma'aunin Blantyre, mai maki daga 0 zuwa 5, wanda ake auna zurfin suman yaron da bai iya magana ba.

A 2015 tawagarta ta wallafa sakamakon hoton MRI na yara 168 masu wannan cuta. Daga cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai, abin da ya nuna cewa kumburin ne ke danne sashen da ke sarrafa numfashi. Babu tausa a wannan aiki, likitanci ne tsantsa.

Kama da wane ba ta wane

Ga ɗalibin da ke Najeriya ko Nijar ko Ghana, katanga ta farko kuɗi ce. Akasarin makarantun DO masu zaman kansu ne, kuma kuɗin makaranta kaɗai kan haura dala 50,000 a shekara, wasu ma sun wuce 60,000. Idan aka ƙiyasta dala a kan naira 1,500, dala 60,000 ta kama naira miliyan 90 ke nan, ban da haya da abinci da inshora. 'Yan ƙasa ma da bashin da ya haura dala 200,000 yawancinsu ke fita.

Baƙo ba ya samun rancen gwamnatin Amurka. Ba kowace makaranta ce ke ɗaukar baƙi ba, kuma waɗanda ke ɗauka kan nemi a yi darussan share fage a Amurka ko Kanada, wasu su nemi shaidar kuɗin shekarun karatun tun kafin a fara. Ga kuma tsauraran matakan biza da gwamnatin Trump ta ɗauka kan 'yan ƙasashen Afirka da dama tun daga 2025. Shi ya sa hanyar ta fi sauƙi ga 'ya'yan waɗanda suka riga suka zauna a can.

Wanda ya riga ya yi MBBS ba ya buƙatar DO. Tasa hanyar ita ce tantance takardu da jarrabawar USMLE.

Tarkon da ya fi haɗari shi ne na suna. Wani ɗalibin Still mai suna John Martin Littlejohn ya kai tsarin Landan, ya buɗe makaranta a 1917, amma reshen Turai bai bi hanyar da na Amurka ya bi ba. A Birtaniya, inda dokar 1993 ke kula da sana'ar, mai ostiyofati da hannu kawai yake aiki, ba ya rubuta magani, ba ya tiyata. Aikinsa ya fi kusa da na masu gashin ƙashi.

A Faransa ma haka ne, kuma a can masu wannan difloma kan rubuta DO a bayan sunansu, haruffa iri ɗaya da na likitan Fadar White House. Ɗalibin Yamai ko Damagaram da ya ga tallar makarantar ostiyofati a Paris ko Lyon ya ɗauka likita zai fito, zai kashe shekara biyar da maƙudan kuɗi ya dawo da takardar da ba ta ba shi izinin rubuta maganin maleriya ba. Makarantun da ke ba da DO na cikakken likitanci su ne waɗanda hukumar COCA ta Amurka ta tantance, kuma jerin sunayensu na nan a intanet.

Shi kuwa mai DO na Amurka da ke son dawowa gida, ƙungiyar likitocin ta ce ƙasashe fiye da 65 na ba su cikakken izinin aiki. Ƙungiyar hukumomin kula da aikin likitoci ta Afirka, AMCOA, wadda Najeriya da Ghana ke ciki, ta zartar da ƙudurin amincewa da su a matsayin cikakkun likitoci. Amma ƙuduri ba lasisi ba ne. Kowace ƙasa hukumarta ce ke da ta cewa, kuma a Najeriya sai mutum ya bi ta hannun MDCN, wadda ke tantance takardun duk wanda ya yi karatun likita a waje tare da shirya musu jarrabawa, ko daga Sudan ya dawo ko Ukraine ko Missouri.